Fashin Baƙi: Me ke sa ma'aikacin walwala ya ƙosa da mutanen da aka ɗauke shi ya taimaka wa?

Duk mai zama majalisa a Gombe, ko mai sauraron shirye-shiryen rediyo da ake buga waya, ya taɓa jin wannan ƙorafi: "'Yan walfiya ba su da imani." Mace ta kai ƙarar tsohon mijinta kan ciyar da yara, ta yi sawu uku, a na huɗu aka daka mata tsawa a gaban mutane. Dattijo ya zo karɓar jikansa da aka tsinta a tasha, aka bar shi kan benci tun hantsi har la'asar, ba wanda ya ce masa sannu. Su kuwa ma'aikatan, in ka zauna da su, kukansu ɗaya ne: albashi ba ya kai wata, babu mota, babu kuɗin zirga-zirga, fayil ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Amma ni da na shafe shekaru a wannan aiki, tambayar da ta fi damuna ita ce: yaya aka yi mutumin da ya shigo da tausayi, har yakan zaro kuɗin aljihunsa ya saya wa yaro abinci, bayan shekara biyar ya zama shi ne mai tsawar? Albashin ai bai isa ba tun ranar da ya fara, amma a lokacin bai hana shi yi wa mutane magana mai daɗi ba. Akwai wani abu da ke faruwa a cikin mutum a hankali, wanda shi kansa ba ya lura. Masana aikin sun daɗe suna magana a kansa ƙarƙashin abu biyu: sanin kai, da kuma tallafin da shi ma'aikacin ke buƙata. Maganar ta ƙara nauyi tun da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a Najeriya a ƙarshen shekarar 2022. Tunda an mayar da aikin sana'a mai rajista da ƙa'ida, za a riƙa tuhumar mai yin sa in ya kauce. To wajibi ne mu fahimci abin da ke sa shi kaucewar.

Wane ne ɗan walfiya, kuma da me yake aiki?

Da yawa kan ɗauka masu rabon shinkafa da taliya ne. Aikin ya wuce nan nesa ba kusa ba. Akwai su a ofisoshin ƙananan hukumomi goma sha ɗaya na jihar nan, da ma'aikatar mata da walwalar jama'a, da gidan marayu, da gidan gyaran halin yara, da ƙungiyoyi masu zaman kansu. A manyan asibitoci su ake kira idan 'yan'uwa sun gudu sun bar majinyaci, ko aka rasa kuɗin aiki. Su ke bin diddigin iyayen yaron da ya ɓata, su sasanta ma'aurata, su raka yarinyar da aka yi wa fyaɗe asibiti da caji ofis da kotu, su rubuta rahoton da alƙali zai duba kafin ya ce wa zai riƙe yaro.

Dokoki sun ƙara musu kaya. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, jihohi kuma suka biyo baya da nasu. Kowace doka da aka yi bikin sa wa hannu, ƙarshenta kan teburin wani take sauka. Ga kuma abin da yankinmu ya gani: dubban mutanen da rikici ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa, musamman wajajen 2014, akasarinsu suka raɓu a gidajen dangi da ɗakunan haya a cikin unguwanni. Ga mayar da almajirai jihohinsu da gwamnonin Arewa suka yi lokacin korona a 2020, inda 'yan walfiya ne suka karɓi yaran suka shiga neman iyayensu ƙauye-ƙauye.

Likita yana da abin awon jini, makaniki yana da sufana. Ɗan walfiya kuwa da kunnensa da bakinsa da fuskarsa da hukuncin zuciyarsa yake aiki, wato shi kansa ne kayan aikin. Ka je Tudun Hatsi ka ga mai awo. Idan mudunsa ya lotsa, ko shi ya fi kowa tsoron Allah a kasuwar, duk wanda ya auna wa sai ya tauye shi, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya ɗaga mudun ya duba gindinsa, ko wani ya nuna masa.

Me ake nufi da sanin kai?

A bakin Bahaushe, in an ce wane ya san ciwon kansa, ana nufin ya yi hankali, yana neman na kansa, ba ya zubar da mutuncinsa. Abin da ake nufi a wannan sana'a ya ɗan bambanta. Shi ne ma'aikaci ya san abin da ya shigo da shi ɗakin sauraro tun kafin mai ƙara ya buɗe baki: tarbiyyar gidansu, ƙabilarsa, fahimtarsa ta addini, abin da aka taɓa yi masa a rayuwa, irin mutumin da ke saurin ba shi haushi da irin wanda ke saurin ba shi tausayi. Ba a ce ya zubar da su ba, don ba mai iya zubar da asalinsa. Ana so ya gane su ne lokacin da suka motsa, don kada su riƙe masa biro.

A Gombe wannan magana tana da nauyi na musamman, domin mu haɗin gambiza ne. Ga Fulani, ga Tangale, ga Tera, Waja, Bolewa, Tula, Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista, ofis ɗaya, layi ɗaya. Ma'aikaciyar da ta tashi a Kaltungo za ta zauna da matar da ta fito daga kulle a Dukku. Wanda ya tashi a Nafada za a miƙa masa rikicin gado daga Billiri. Ɗauki misali ɗaya. Bafulatana ta zo kan maganar ɗanta na fari. Ba za ta ambaci sunansa ba, ba za ta nuna ɗoki ba, kanta a sunkuye, amsarta gajeruwa. Wanda ya san al'adar ya san alkunyar ɗan fari ce, kuma cikinta na iya ci da wuta. Wanda bai sani ba, kuma bai tsaya ya tuhumi fahimtarsa ba, sai ya rubuta cewa uwar ba ta damu da yaron ba. Layi ɗaya ne a takarda, amma yana iya raba uwa da ɗanta.

Akwai kuma sanin ƙarfin kujera. Mu ma'aikata mukan ga kanmu ƙananan ma'aikata marasa galihu, kuma haka ne idan aka duba sama. Amma ga mutumin da ya sayar da kaza ya yi kuɗin mota daga ƙauye, kai ne hukuma. Zai ce "to" ga duk abin da ka faɗa, ko da bai yarda ba, ko da bai gane ba. Idan ba ka san tsoronka yake ji ba, sai ka rubuta "an sasanta, kowa ya amince", alhali tsoro ne ya rufe masa baki.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ya inganta cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Wato an yarda cewa halin da zuciyar mai hukunci take ciki yana shiga cikin hukuncin, ko da mai ilimi ne, ko da adali ne. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa. Abin da sana'ar ta ƙara shi ne tsari: yaushe za a yi hisabin, da wa, da waɗanne tambayoyi.

Ranar da na gane nawa lotsin

A hannun kishiyar uwa na tashi, kuma ban ji daɗi ba. Na ɗauka na bar wannan a baya tun da na yi aure na kama aiki.

Wata rana aka kawo mana yarinya 'yar shekara tara da ƙuna a bayan hannu. Maƙwabciya ce ta kai rahoto. Uwar yarinyar ta fita, ita yarinyar tana hannun uba da amaryarsa. Da matar uban ta shigo, da jariri a baya, tana gyara mayafi, ban gama amsa sallamarta ba na riga na yanke mata hukunci. Na yi mata tambayoyi a tsaye. Duk abin da ta fara faɗa sai na katse ta. Yarinyar kuwa na zaunar da ita kusa da ni, na ce, "Kada ki ji tsoro, faɗa min abin da ta yi miki." Ku lura da tambayar. Na riga na sa mata amsa a baki. Ta yi shiru tana kallon ƙasa, ni kuma na fassara shirun da tsoron matar uba.

Da yamma na kai rahoton wurin wata babbarmu da ta kusa ritaya. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "'Yata, zauna." Na zauna. Ta ce, "Matar nan da ta shigo, fuskar wa kika gani?" Na ce, "Hajiya, ban gane ba." Ta ce, "Kin gane. Rahoton nan shafi biyu ne, ban ga maganarta ko layi ɗaya ba. Kuma ban ga inda kika tambayi inda uban yake ranar ba." Ban iya ba ta amsa ba, hawaye ne kawai suka zubo min. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta bari na natsu, sannan ta ce gobe wata abokiyar aiki za ta sake sauraron matar, ni kuma in zauna gefe in yi shiru.

Abin da ya fito shi ne, uban ne ya ƙona ta, kan wani kuɗin aike da ya ɓace. Matar uban ce ta goya jaririnta ta kai yarinyar kemis da kuɗin adashinta, kuma tsoron saki ne ya hana ta faɗa. Da rahotona ya wuce yadda na rubuta shi, da an hukunta wadda ta taimaki yarinyar, an kuma mayar da ita hannun wanda ya ƙona ta. Ban yi ƙarya a rahoton ba, ban karɓi ko sisi ba, kuma da za a rantsar da ni a ranar da na rantse cewa kare yarinya nake yi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wannan ne ya sa na daina yarda cewa mutum zai iya sanin kansa shi kaɗai. Rabin abin kana iya gani idan ka zauna ka yi tunani bayan aiki, sauran rabin sai wani ya gane maka.

Yadda aikin ke cin mai yin sa

A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana abin da ya lura da shi a tsakanin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta da ke kula da masu shaye-shaye, har da shi kansa: mutane su fara da himma, bayan wani lokaci su ƙare kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Daga baya Christina Maslach ta rarrabe alamun gida uku: gajiyar da barci ba ya maganinta, bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa aiki, da jin cewa duk abin da kake yi aikin banza ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan yanayi cikin kundinta, ta ce ba cuta ba ce, matsala ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka daɗe ba a magance ba.

Alama ta biyun ita ce jama'a ke gani su ce rashin imani. Yadda take farawa kuwa ba a ji. Ka wayi gari ka daina cewa "Malama wance", ka koma cewa "mai ciyarwar nan" ko "fayil ɗin unguwar Bolari". Mace na kuka kana duba agogo. Ka fara cewa a ranka ai duk halinsu ɗaya. Zuciya ce ke kare kanta, kamar yadda tafin hannun manomi ke yin kanta saboda fartanya. Kantar na hana ciwo, amma tana hana ka jin abin da ka taɓa.

Akwai wani nau'in kuma, wanda ya fi kama masu tausayin sosai: ɗaukar ciwon wani. Wadda ta shekara tana sauraron yaran da aka lalata, sai ka ga ta hana 'yarta zuwa Islamiyya ita kaɗai, tana zargin kowane namiji har ƙannen mijinta, tana mafarkin abin da aka ba ta labari kamar a kanta ya faru. Mu kuma a nan ba daga nesa muke sauraro ba. Wanda ke rubuta labarin ɗan gudun hijira, watakila shi ma ya rasa wani a bama-baman da suka tashi a babbar kasuwar Gombe a watan Yulin 2015, ana shirin ƙaramar salla. Labarin mai ƙara yana fama masa nasa mikin.

Sannan ga ƙanƙantar gari. Lambar wayarka tana hannun kowa, ana kiranka ƙarfe sha ɗayan dare. An san gidanka, a yi maka sallama da asuba. Mutumin da kake bincike a kansa za ka haɗu da shi a ɗaurin aure, ko ya zama ɗan'uwan surukinka. Abin da ya fi ci min rai a shekarun nan shi ne shari'ar fyaɗe da ka bi wata uku, ka kai asibiti da kuɗinka, sai manya su shigo a ce a rufa asiri, iyayen yarinya su janye. Ka san daidai, ka ga an yi akasin haka, kuma da hannunka za ka rufe fayil ɗin. Irin wannan takaici ba ya fita da barci. Yana taruwa, kuma wanda ya shigo ofis washegari shi ke kwasa, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wa ma'aikaci zai kai wa kukansa?

Mai karatu zai ce ai yana da iyali da abokai. A nan matsalar take. Amanar sirri na daga cikin ginshiƙan aikin. Ba za ka koma gida ka ce wa matarka ga abin da wane ya yi wa 'yarsa ba, a garin da ana faɗar unguwa an gane gida. Ba za ka kai majalisa ba. Wato mutumin da ya fi kowa jin munanan labarai shi ne aka hana faɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma cikin ma yana da iyaka.

Don haka sana'ar ta tanadi zama na musamman tsakanin ma'aikaci da babbansa, wanda muke kira sufabaiza. Alfred Kadushin, a 1976, ya ce wannan zama aiki uku yake yi: duba cewa an bi ƙa'ida kuma aiki na tafiya, koyar da ma'aikaci abin da bai sani ba, da tallafa masa kan abin da aikin ke yi wa zuciyarsa. A yawancin ofisoshinmu na farkon kaɗai ya rage. Oga zai tambaye ka ina rahoto, me ya sa ka makara, nawa ka rufe a watan nan. Ba kasafai za a rufe ƙofa a ce maka "shari'ar yaron nan, yaya ta bar ka?" ba. Ba don ogannin mugaye ba ne. Su ma ba wanda ya taɓa yi musu, kuma nasu teburin a cike yake.

Ya kamata a bambanta wannan zama da hira. Yana da rana da lokaci, ba sai matsala ta faru ba. Abin da aka faɗa a ciki ba ya zama makamin hana ƙarin girma, in ba haka ba kowa zai ce lafiya lau. Kuma yana da haƙori: yana iya ƙarewa da a karɓe maka wani fayil a ba wani, ko a ce ka je hutu, ko a ce abin naka ya kai ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Na ƙarshen nan muna gudunsa saboda tsoron a ce mun taɓu, alhali mu ne ke tura wasu can kullum. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ma'aikacin walwala ma ɗan ƙasa ne da ta shafa.

Masu ganin duk wannan shagwaɓa ce

Akwai masu cewa aikin lada ne, haƙuri ake yi, kuma addu'a ta isa. Ina girmama wannan magana, don ni ma da sallar dare da addu'a na tsallake wurare da yawa, abokan aikina Kirista kuma da nasu. Amma addinin bai ce ka kashe kanka ba. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda'i ya takura wa kansa da ibada, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salman. 'Yan'uwanmu Kirista sun san labarin surukin Annabi Musa da ya gan shi yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya raba aikin. Haƙurin da ake haɗiyewa ba a duba shi ba, sau da yawa a kan marar ƙarfi yake fashewa: mai ƙara, ko yaran gida.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya gefen, kuma tasu ta fi ƙarfi. Suna cewa: ku daina ce mana mu kula da kanmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin keke napep zuwa gidan mai ƙara da dawowa daga albashinmu yake fita. Mutum ɗaya yana riƙe da aikin mutum biyar. Sai a tara mu a otal kwana biyu a koya mana jan numfashi, a mayar da mu inda muka fito. Suna ganin maganar sanin kai dabara ce ta ɗora wa ma'aikaci laifin da na hukuma ne. Ina tare da su a rabin maganar. Babu yawan tunani da zai maye gurbin ɗaukar ma'aikata, da babur na aiki, da ɗakin da za a saurari mace ba a gaban mutum goma ba. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya wurin aiki ta nuna wa yatsa. Inda na rabu da su shi ne, ranar da na zalunci matar uban nan, ba albashi ne ya sa ni ba. Ko ninki goma ake biyana, da fuskar da na gani ita zan gani. Kuma wanda ya san kansa ya fi iya tsayawa gaban oga ya ce fayil arba'in sun fi ƙarfina, maimakon ya yi shiru ya riƙa sauke haushin a kan mutanen da ke bin layi.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke samun kuɗi daga waje sukan fi tanadar irin wannan zama, wasu har da mai ba ma'aikata shawara. Sai dai aikinsu na kwangila ne, shekara biyu ko uku a nannaɗe tabarma. Ma'aikacin gwamnati shi ne mai zama har ritaya, kuma shi ya fi rashi.

Me ya shafi wanda bai taɓa shiga ofishin ba?

Ba wanda ya san ranar da zai shiga. Saki, gado, ɓatan yaro, ɗan da ya faɗa shaye-shaye, majinyacin da kuɗi suka ƙare a kansa, duk suna iya kai mutum gaban teburin nan. A ranar, abin da zai raba ka da zalunci shi ne ko wanda ke zaune ya iya raba labarinka da nasa, kuma ko akwai wani a bayansa da ke karanta abin da ya rubuta da idon basira. Idan babu, illar a bayyane take: mata su daina kai ƙara don gudun wulaƙanci, su koma su haɗiye. Yaro ya maimaita labarin abin da aka yi masa sau huɗu ga mutum huɗu, saboda na farko ya ajiye aiki, na biyu ya nemi canjin wuri. Waɗanda suka fi ƙwarewa su tafi, a bar sababbi da manyan shari'u.

Mai ƙara ma yana da haƙƙin da bai sani ba. Idan ka ga ma'aikacin yana da dangantaka da wanda kake ƙara, ko ya yanke hukunci kafin ya ji ka, kana iya neman ganin babbansa ka roƙi a ba wani. Wannan ba rashin kunya ba ne, ƙa'idar aikin ta yarda da shi. Majalisar da dokar 2022 ta kafa kuma, in har za ta hukunta ma'aikaci kan kuskure, adalci shi ne ta wajabta wa masu ɗaukarsa aiki su ba shi wannan zama na bita, ta kuma sa iyaka ga yawan shari'un da mutum ɗaya zai riƙe. Makarantun da ke horar da ɗalibai su ma kada su tura yaro ɗan shekara ashirin da biyu sanin makamar aiki a gidan marayu ba tare da wanda zai zauna da shi duk mako ba.

Kafin a kai can, ga abin da mu huɗu muke yi a inda nake, ba da umarnin kowa ba. Duk Alhamis ta biyu, bayan azahar, mukan rufe ƙofa awa ɗaya, wayoyi a cikin durowa. Kowa ya kawo shari'a ɗaya da ta bi shi gida, ba suna, ba unguwa. Tambayoyin ba su da yawa: me ka ji a jikinka lokacin da yake magana, wa ya tuna maka, maganar wa ba ka rubuta ba. A zaman da ya wuce, ƙaramin cikinmu, wanda bai cika shekara biyu da fara aiki ba, ya daɗe yana juya biro kafin ya ce akwai wani magidanci da ke zuwa kan ɗansa mai shan ƙwaya, kuma duk zuwansa sai ya ji kamar ya tashi ya bar ɗakin. Muka yi shiru. Can ya ce, "Anti, muryarsa irin ta babanmu ce, ranar da ya kori yayana." Yayan nasa bai dawo gida ba har yau. Na ce masa, "Ƙanena, kawo fayil ɗin." Na karɓa, na ba shi ɗaya daga cikin nawa, muka sa ranar da ni da shi za mu sake zama. Magidancin zai dawo ran Talata, ni zan saurare shi.